Rasuwar Mangwaron Ƙofar Gidan Baba Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yanzu bai sami inda zai sauka ba, Baba Direba yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa rakuɓewa ya sha inuwa ya wuce ba ko sannu, rasuwar bishiyar mangwaron ƙofar gidansa. Ta rasu a tsaye, yadda ta rayu, bayan doguwar jinya. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Wannan a karanta shi da ƙarfi, don na bayan layi su ji.

Ajalinta ya soma ne ranar da aka ƙulla wani ciniki a ƙarƙashinta. Surukin Baba, mijin autarsa, wanda ya raɗa wa kansa suna Manaja tun bai mallaki ko bokiti ba, ya zo ya durƙusa, ya ce yana roƙon filin ƙofar gida ya buɗe wurin wankin mota. Zai shafe wurin da siminti, in ji shi, taɓon damina ya ƙare. Baba kuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota daga wannan iyaka zuwa waccan, ya yi ciniki da 'yan kamasho da 'yan dako da masu tare hanya, ba a yi masa wayo da daɗin baki. Ya kafa sharaɗi.

"Fili na ba ka aro, bishiya ban ba ka ba. Ba reshe, ba ganye, ba ƙusa a jikinta, ba igiyar shanya tsumma."

"Haba Baba, ai uwa ce a wurinmu. Wanda ya taɓa ta, ni ya taɓa."

Suka tafa. Marigayiya tana tsaye a kansu tana yi musu inuwa.

Ga waɗanda ba su san asalinta ba: a wata tasha mai nisa Baba ya sha wani mangwaro da zaƙinsa ya hana shi jefar da ƙwallon. Ya naɗe shi a tsumman goge gilashi ya kawo gida. Uwar 'ya'yansa, Allah ya jiƙanta, ita ta dasa shi, ta kifa masa tsohon kwando saboda awaki, ta shayar da shi da ruwan ɗauraya har ya fi ƙarfin kwandon. Duk lokacin da Baba ya dawo daga tafiya, kafin ya hango rufin gidansa sai ya hango bishiyar ta ƙara tsawo. Ita matar ta riga shi tafiya. Bishiyar ta zauna da shi.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kyauta. Ba ta taɓa neman mai ba, ba ta taɓa mutuwa a kan hanya ba, ba ta taɓa cewa yau ba ta jin daɗi a nemi inuwa a gaba ba. An jefe ta da dutse ta ba da 'ya'ya. An sasanta rigimar aure a gindinta, an yi cinikin tsofaffin motoci, an yi ƙarya iri-iri, ba ta kai maganar kowa gaba ba. Maganarta ba ta wuce uku: shuuu idan iska ta taso da la'asar, ƙiiƙ idan babban reshe ya gogi katanga, sai kuma tim a kan kwanon rufi idan ɗa ya nuna, wanda ke sa jikoki su zubar da cokali su fita a guje.

Manaja ya cika alkawarin siminti har ya zarce. Ya malala shi tun daga bakin titi har wuyan bishiya, bai bar mata ko tafin hannu na ƙasa ba. Da ruwa ya rasa hanya, ya sa aka haƙa lambatu ta gefenta, aka datse saiwoyi masu kaurin cinya, aka jefar kamar tsofaffin tayoyi. Daga nan abincinta ya koma ruwan sabulu da baƙin mai, safe da yamma. Da Baba ya yi magana, sai Manaja ya sosa ƙeya.

"Baba, ai ka ce reshe da ganye. Saiwa ba ta cikin maganarmu."

Jama'a su auna wannan amsa da kansu. Mutum ya ba ka amanar gida, ka haƙe harsashin, ka ce ai ba ka taɓa labule ba.

Ciwo ya fara daga sama. Ganyen ƙoli ya ƙanƙance, ya koma ruwan ɗorawa, bakinsa ya ƙone. Ta yi fure ya zube bai ɗaura ba. Wani baƙin ruwa mai danƙo ya riƙa tsattsafowa daga gindinta. Shuuu ɗin la'asar ya koma ƙwaras-ƙwaras, kamar ana taka busasshiyar takarda. A lokacin ciwon yanar ido ya kama Baba, ba ya gani sosai, amma kunnen da ya yi shekaru yana gane ciwon inji tun daga ƙararsa bai tsufa ba. Ya ce a nemo masa wanda ya san ciwon itace.

Aka kawo likitar bishiya, wata mata da ta karanci aikin kuma take yin sa. Ba ta yi gaggawa ba. Ta zagaya marigayiya, ta ƙwanƙwasa jikinta da gudumar katako tana saurare, ta kankare ɓawon reshe da 'yar wuƙa ta ga akwai sauran ɗanye, ta fasa ɗan gefen siminti ta damƙo ƙasa ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Baba, shaƙe ta aka yi. Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai, kuma faɗinta a ƙasa ya kai faɗin rassan nan a sama. Amma tana da sauran rai."

Ta faɗi magani dalla-dalla. A fasa simintin har iyakar inda inuwa ta tsaya. A juya ruwan wanki ya bi wata hanya. A sassauta ƙasa a hankali, a zuba taki, a rufe da busasshen ganye. Ita da kanta za ta dawo ta cire matattun rassa kaɗai, ta yanke su daidai gaɓa yadda bakin zai warke. Kada a taɓa mai rai, don da ganyen da ya rage bishiyar za ta yi jinyar kanta. Sannan a yi haƙuri damina biyu.

Manaja yana tsaye yana gyaɗa kai kamar mai fahimta. A satin ne aka kira Baba asibiti aikin ido. Yana shiga mota yana jaddadawa, Manaja yana cewa, "Ka je lafiya, Baba, ka bar min komai."

Fasa siminti na nufin rufe wurin wanki, kuma Manaja ba ya son jin wannan. Sai ya samo wani mai injin sare itace, irin masu yawo unguwa-unguwa da inji a kafaɗa, wanda kowace cuta a wurinsa maganinta ɗaya ne. Mai inji ya ɗaga kai ya duba, ya ce wace likita, ai nauyi ne ya yi mata yawa, a sauke mata kai gaba ɗaya za ta tofo sabuwa fil kamar amarya. Bai nemi ladan aiki ba, ya ce a bar masa itacen kawai. Mutumin da ladansa shi ne gawar majinyaci, shi aka ba jinya! Kafin rana ta faɗi ya gama. Ya shafe kowane baki da baƙin mai, wai kada ƙwari su shiga, ya loda rassan a kura ya tafi.

Ranar da aka cire wa Baba bandeji, autarsa ce ta riƙo hannunsa zuwa gida. Yana ta murna a hanya, yana karanta lambobin motoci da ƙarfi kamar sabon ɗan makaranta. Suka shawo kwanar layi. Ya ɗaga ido inda ya saba ɗagawa, sai ya ga sararin sama fetal, da wani baƙin gungume mai dungulmin hannuwa. Abin da aka gyara masa ido ya fara gani ke nan.

Marigayiya ta yi ƙoƙari. Ta fitar da 'yan tofo a jikin dungulmi, Manaja yana nuna wa mutane yana cewa kun gani ko. Tofon ya yi kwanaki ya langaɓe. Ɓawo ya soma ɓamɓarewa da kansa, gara ta hau. Da likita ta dawo, ta sa wuƙa a sama, ta sa a ƙasa, ko'ina busasshe. Ta mayar da wuƙar jaka, ta ce, "Baba, sai haƙuri." Ba ta dubi Manaja ba, shi ma ya sami abin dubawa a cikin bokiti.

Ta rasu ta bar Baba Direba, da kujerarsa da yanzu ake ja ana bin inuwar katanga kamar marar gida. Ta bar jikoki da ke tambaya yaushe za ta tashi. Ta bar mai gyaran takalmi da ya yi shekaru a gefenta ba haya, da tsuntsaye da suka watse ba sallama, da 'yan jifa na unguwa, waɗanda Baba ya yafe musu duka, don su ko ba komai 'ya'yan suke so, ba ranta ba. Ta kuma bar autar gida, wadda ke tsakanin uba da miji tana kai abinci nan tana kai can, ba ta da laifin kowa, kuma ita kaɗai ce dalilin da ya sa wannan sanarwa ta tsaya a iya nan.

Za a sauke gawar ranar Asabar da safe. Likita ce za ta yi da ma'aikatanta, da igiya, gunduwa-gunduwa, don gungumen ya karkata wajen rufin maƙwabci. Mai inji kada ya zo. Idan ya zo, Baba yanzu yana gani. Gindin ba na sayarwa ba ne, kafinta zai fitar da benci daga ciki. Simintin kuwa Manaja zai fasa shi da hannunsa, tun daga wuyan marigayiya har bakin titi, ba ɗan kwangila, ba yaran wurin wankinsa. Aron fili ya ƙare.

Za a karɓi gaisuwa a wurin da ta tsaya, da tsakar rana. Ba za a kafa rumfa ba, kuma ana roƙon jama'a kada a zo da lema. Kowa ya zauna ya ji abin da aka rasa a tsakiyar kansa.

Masu son sanin yadda cinikin ya tashi, ga shi. Mai inji ya ci riba, ya sayar wa gidan burodi itace. Mai gidan burodi ya ci riba. Gara ta ci riba. Manaja ya tsira da simintinsa na ɗan lokaci, sai dai direbobin da ke kawo masa mota ashe ba iya wankinsa ke kawo su ba, inuwar da za su kishingiɗa su jira ce; tun da ta tafi suka koma gaba, ya zauna shi da bokitinsa a rana. Baba Direba kuwa ya ba da aron fili, an mayar masa da fili. Abin da ya ce bai bayar ba, shi aka ɗauka.