Ranar da na karanta labarin uwar Sale a ƙofar gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na isa gida Toranke da mujalla a hammata ba, ina taku kamar sabon hakimi. Shekarar da aka bar fam aka koma naira ce, ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin zamantakewa (a garinmu an ɗauka likitanci ne, ni kuma ban ga dalilin gyara musu ba).

Malaminmu ne ya ce ya gaji da jin abin da Turawa suka faɗa a kan iyali, kowa ya rubuto gajeren labari da Hausa a kan gidan da ya sani. To ni ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, in na shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a waje. Sai na rubuta labarin wani Sale da uwarsa. Na canja sunaye, amma na bar rijiyarmu, da tsamiyar ƙofar gida, da akuyarmu mai ƙaho ɗaya. A ganina na ɓad da sawu. Labarin ya fi na kowa maki, har aka buga shi a mujallar ɗalibai.

Niyyata in nuna wa Baba sunana a buge, shi ke nan. Ajami yake karantawa, ba boko ba, don haka ban hango hatsari ba. Ya jujjuya mujallar ya ce, "Abin da aka buga ai ba na mutum ɗaya ba ne." Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, maƙwabta suka zo, mata suka taru a bayan danga. Aka kuma kira Hedimasta, wanda ya koya mini karatu a firamare, ya zauna a gefena yana bin takardar da ido.

Na fara karanta musu labarin lafiya lau. Da na zo kan akuya, wani maƙwabci ya ce, "Ikon Allah, irin taku." Na ce ai akuya mai ƙaho ɗaya ta yi yawa a ƙasar nan. Daga nan na soma dabara, ina tsallake duk inda ke da ƙaya.

"Ka bar layi uku," in ji Hedimasta.

"Ba su da muhimmanci, Malam."

"Da ba su da muhimmanci da ba a buga su ba. Koma."

Na koma. Da bakina, a gaban liman, na karanta yadda Sale ya ɗauki akwatinsa zai tafi jami'a, uwarsa tana daka, ko kai ba ta ɗaga ba. Na karanta cewa ya fita bai waiwaya ba, don ya san babu mai kallonsa. Sannan na zo kan jimlar da malaminmu ya ja wa layi da jan biro: "Al'ada ta cinye soyayyar uwa, ta bar wa yaro ƙashi." (A jami'a an tafa mini a nan.)

A Toranke ba a tafa ba. Liman ya duƙufa kan carbinsa. Baba ya zuba wa tsamiya ido kamar yau aka shuka ta. Hedimasta ya ce rubutun dai babu kuskure, ya nemi takalmansa. Ni hankalina yana bayan danga. Na tsaya gaban gari na ce matar da ta haife ni ba ta ƙaunata, alhali na san ba ta da bakin musawa. Na ji kunya, na kuma ji tsoron kada shirun nata ya zama na gaske daga ranar.

Gwaggo Laraba, yayar Baba, ita babu abin da ya ɗaure mata baki. Ta ɗaga murya daga bayan danga: "Ɗan boko, dambun naman da ake ce maka ni nake aikowa, tun da kake ka taɓa ganin na yi dambu?"

Taro ya watse ba a ko shafa fatiha ba.

Na daɗe a zaure kafin na iya shiga. Na tarar da Inna a bakin murhu, ta ba ni baya, tana tuƙa tuwo. Ba ta juyo ba. Ta ce wa Gwaggo, "Yaya, ki gaya wa mai takarda, uwar Sale ba ta kyauta ba. Amma da Salen ya waiwaya, da ya ga wadda ta ajiye taɓarya ta tsaya a bakin danga har dawa ta rufe shi."

Gwaggo ta juyo ta maimaita mini maganar kalma kalma, duk da taku uku ne tsakanina da murhun. Na ce a gaya mata na ji. Aka gaya mata.

Na koma jami'a da makina cif, babu wanda ya rage mini ko ɗaya. Amma tun daga lokacin, kafin in rubuta cewa babu mai kallona, sai na waiwaya tukuna.