Iyakwandishan Mai Kai Ƙara

A wata unguwa a Funtuwa akwai wani ladan, Malam Tanimu, mutum marar hayaniya in dai ba a gaban lasifika yake ba. Tun yana da baƙin gemu makullin masallacin ke hannunsa. Shi ke shara, shi ke shimfiɗa, kuma duk duniya ba abin da yake ƙauna kamar wannan aiki. Da zafi ya matsa a bazarar bana, sai Alhaji Mamuda, attajirin da gidansa ke katanga ɗaya da masallacin, ya sa aka kafa iyakwandishan biyu masu aiki da sola. Aka kuma manna wani ɗan akwati a bango, bai fi sabulun wanka girma ba. Wai shi ke auna zafin ɗakin, kuma da zarar inji ya samu matsala zai tura saƙo kai tsaye zuwa wayar Alhaji.

Ashe ɗan gulma aka kawo. A bar taga a buɗe, ya faɗa. Datti ya toshe ragar inji, ya faɗa. Malam Tanimu kan goge akwatin da safe da gefen rigarsa, amma har ga Allah bai yarda da shi ba.

Wata Talata, an idar da La'asar ke nan jama'a ba su watse ba, sai ga Alhaji Mamuda ya tuɓe takalmi ya shigo, waya a hannu, gumi na bin wuyansa. Aka yi ta matsa masa yana ratsa mutane, har wani da ya yi shekara biyu da tarewa a unguwar ya tambayi na kusa da shi ko baƙo aka yi. Bai tsaya ba sai gaban liman.

"Allah gafarta Malam," in ji Alhaji, yana nuna fuskar wayar, "ga shi na'ura ta turo min. Injin hagu ya ɗau zafi, yana neman ƙonewa, saboda ƙofa a buɗe take tun Azahar. Dattijon nan ba zai iya da kayan zamani ba. A karɓi makulli a ba wani."

Malam Tanimu ya ɗago kai. Ya dubi jama'a, kowa ya ga ya dace ya ci gaba da jan carbi. Ba a cika yi wa mutum musu ba alhali ana zaune cikin sanyinsa.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Tanimu, ka ji. Me za ka ce?"

"Gaskiya ne, ni na bar ta," in ji ladan. "Ƙofar masallaci ce, hannuna bai saba rufe ta da rana ba." Sannan ya juya wajen Alhaji cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, yaushe saƙon ya shigo?"

"Yanzun nan. Abinci ne a gabana, na ture shi na taso."

Malam Tanimu ya jinjina kai. Ya laluba aljihu ya zaro makullin, ya miƙa wa liman da hannu biyu.

"To Allah gafarta Malam, in an karɓa kada a ba kowa, a ba akwatin nan ladancin gaba ɗaya. Ni shekara da shekaru ina kira da lasifika a kan katangar Alhaji bai fito ba. Shi kuwa saƙo ɗaya ya tura, ga Alhaji a sahun gaba."