Ranar da Na Ba Surukina Ɗanyen Ƙwai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa zai kwashe mini komai, da Juma'ar da na gayyaci Ammi Usmanu cin abinci. Farkon shekarun saba'in ne, ina direban wani injiniya ɗan Japan a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ina kuma neman auren Ruƙayya, 'yar Ammi Usmanun (ammi shi ne baffa da Larabci). Tela ne a unguwar Bab Makka, Bahaushen Sudan, mutum mai zargin tsiya. Ko gaisuwa ka tsawaita sai ya tambayi abin da kake nema. Wata huɗu yana ja mini rai, bai ce ya ba ni ba, bai ce ya hana ba.

A gidan maigidana na ga wani girki da suke kira sukiyaki. A ɗora tukunya kan wuta a tsakiyar baƙi, kowa ya tsoma yankan naman shanu a romo, ya ciro ya dangwala a ɗanyen ƙwai. Sau biyu kacal na ci (na farkon ma a tsorace), amma na naɗa wa kaina sarautar gwani. Na ce da wannan zan nuna wa tsoho gidan wayayye 'yarsa za ta.

Tun a wurin mahauci ya kamata in farga. Da na ce ya yanka mini naman fale-fale, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya akhi, ci za ka yi ko rubutu?"

Bayan an sauko masallaci Ammi ya iso ɗakina a unguwar Nuzla tare da ƙanensa Haruna. To, ka dubi abin da suka tarar da idon tsohon Bahaushe: kaskon garwashi a tsakar ɗaki, ɗanyen nama jawur a faranti, ƙwai ɗaiɗai a gaban kowa, ga wata baƙar kwalba mai rubutun da ba Larabci ba, ba boko ba (ruwan waken soya ne mai gishiri, matar maigidana ta ba ni). Ni kuwa sai washe baki nake.

"Esh hada? Mene ne wannan?" in ji Ammi, ko zama bai gama yi ba.

"Abincin Japan ne, Ammi. Amma kai za ka fasa ƙwanka da hannunka."

Suka dubi juna. Ni da na ga kallon, zargina ya tafi wani wuri daban, na ce lallai wani ɗan baƙin ciki ya riga ni ya ɓata ni a wurinsu. Sai na ƙara ƙaimi. "Ka tsoma naman sau uku, ka dangwala a ƙwan, ka haɗiye da zafinsa."

"Da hannuna," in ji shi a hankali. "Sau uku."

Na ga leɓensa na motsi. Na kasa kunne, ashe Falaƙi da Nasi yake karantawa.

"Ya waladi, ɗana, wane malamin ne ya haɗa maka wannan? 'Yata kake so ko hankalina?"

Sai a lokacin na gane. Kunya ta rufe ni. Na rantse, na sake rantsewa. Ammi ya jawo kofin shayi, ya tsiyaya baƙin ruwan nan har baki, ya tura mini.

"Halas, magana ta ƙare. In babu komai a ciki, shanye."

Na tuna Ruƙayya, na rufe ido, na kafa kai. Wayyo gishiri! Tari ya sarƙe ni, hawaye da majina suka ɓalle, na kife kan tabarma ina kakari. Daga sama na ji Ammi Haruna na cewa, "Ka gani ko, Yaya? Abin ya koma kan mai shi."

Kafin la'asar rabin Nuzla ta ji. Sai da na lallaɓi maigidana har shagon Ammi, ya fasa ƙwai ya shanye a gaban jama'a. Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Shi ma Allah ya shirye shi." Bayan wata biyu ya ba ni Ruƙayya, bisa sharaɗin kada in sake kusantar murhu.

Tun daga ranar na san cewa in za ka burge suruki, ka dafa nama a bayan idonsa har ya yi luguf. Wayewar kuma ka adana ta sai an shafa fatiha.