Ranar da Na Shuka Wake a Shafin Intanet

Shekara hamsin ina noma a Kara, ban taɓa barin taku ɗaya na ƙasa a banza ba. To, da jikata Hadiza ta nuna mini shafin intanet da ta yi wa ƙungiyarmu ta masu ƙuli-ƙuli, sai na ga fili fari fat tsakanin hoto da rubutu.

Na ce, "Wane rago ne ya yi wannan gona? Tsakanin gero ai wake ake sakawa!"

Ta ce, "Inna, ido ma yana son wurin hutawa."

Na ce, "Ya huta a gidansu. Cike!"

Ni da ko alif ban sani ba, na tsaya a kanta har ta cusa hotunanmu duka, da turmi, da akuyata. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sati uku waya shiru. Ashe wani mai kanti a Kano ya nemi lambarmu har ya gaji, tana can matse a ƙarƙashin akuya. Ya koma sayen ƙuli-ƙuli wajen matan ƙauyen Gammo.

Har yau, ko a gidan biki aka ga gurbi a tabarma, sai wata ta ce, "Inna, ga fili nan. A kawo irin wake?"