Yaƙin Injiniya Jatau da Hanyar Rafin Kanya

Wannan shi ne tarihin Injiniya Jatau, ɗan Barmo mai gyaran keke, ɗan Tanko mai facin garwa, ɗan Nomau Maƙeri wanda ya taɓa ƙera wa wani hakimi linzami har dokin ya kwana uku bai iya cin ciyawa ba. Zuriyar ƙarfe, jikokin tsatsa, gidan da ba a taɓa mayar wa mutum kayansa yadda ya kawo su ba. Jatau na Barmo! Dodon noti, angon baƙin mai, sahibul guduma, amirin masu kwanciya ƙarƙashin mota a garejin Kwanar Bagaruwa, wanda bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba sai ranar da aka kira shi tura motar shugabanta. Na rubuta wannan domin masu ji da kai su karanta, ko da yake na san ba sa karatu.

Asalin fitinar wata tsohuwar a-kori-kura ce ta Hajiya Tabawa, dillaliyar tukwane, wadda kowace Talata take kai randuna kasuwar Rafin Kanya. Hanyar kuwa ramuka ce da kwazazzabai da yashi, kuma ba a taɓa zuwa an dawo ba sai ta ci randa takwas ko goma. Da abin ya ishi Hajiya, sai ta zo gareji da tsingaro cike da zani ta zube a gaban makanikai.

A garejin nan bishiya ɗaya ce, wata darbejiya, kuma shekara goma sha tara Jatau ne ke mulkin inuwarta. Abokin hamayyarsa, Sallau Gajere, yana aiki a jikin katanga, rana na gasa masa ƙeya. Sallau ya duba motar ya ce a rage wa sifirin ɗin baya, wato jerin falankan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ganye biyu, a sassauta iskar taya. Jatau ya yi dariyar da ta tayar da tsuntsaye.

"Hajiya, wannan shawarar masu facin taya ce. Ni zan cire sifirin ɗin nan baki ɗaya, in ɗaure ƙafafun baya da sanduna huɗu irin na motocin tseren sahara. A loda randa arba'in. In ko ɗaya ta fashe, na bar wa Gajere inuwar nan har abada."

"Jama'a, kun ji da kunnenku," in ji Sallau. "Ni tabarmata a naɗe take."

"Ni dai randunana," in ji Hajiya.

Duk ilimin da Jatau ya dogara da shi wajen wannan rantsuwa bidiyo ne na minti uku da ya gani a wayar wani fasinja, cikin harshen da ba ya ji, kuma caji ya ƙare kafin a kai ƙarshe.

Bayan haka gwarzo ya ɗaura ɗamara, ya share fili, ya shiga halwar handasa, wato ilimin injiniyanci, kwana bakwai yana zane a ƙasa da sukuddireba, yana korar kaji daga kan taswirar yaƙi. Ya hukunta cewa dogayen sanduna biyu za su tashi daga ƙarƙashin bakasil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, su kama gangar jikin mota. Gajeru biyu kuma su hau sama su haɗa kai kamar bakin kibiya, domin tayoyi su samu ikon hawa da sauka amma a haramta musu zamewa gefe. Ya ja layuka daga kowace sanda zuwa gaba har suka haɗu a wani ɗigo ƙarƙashin giya, ya ce a nan ƙarfin mota yake zaune. Babu wanda ya ga ɗigon a jikin motar, amma kowa ya gyaɗa kai. Ni ba na tauye wa mutum haƙƙinsa: zanen nan daidai yake. Abin da ya biyo baya ne ba daidai ba.

Jatau ba ya awo da tef. Ya ce tef na teloli ne. Da taƙi yake awo, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Ya auna doguwar sandar dama, taƙi shida, aka yanke. Sai ya kai hannu ya damƙi ƙarfen da aka gama yi wa walda, ya yi ƙarar da tarihi bai ga dacewar rubutawa ba, aka naɗe hannun da tsumma. Daga kan benci ya ba da umarni ga wazirinsa, Ɗanliti mai walda, ƙaton da tafin hannunsa kan rufe bakin tukunya:

"Ta hagu ma taƙi shida! Yanke!"

Ɗanliti mutum ne mai biyayya. Ya buɗe nasa hannun ya auna shida ya yanke. Babu wanda ya tambayi taƙin wa. Sandar hagu ta fi ta dama da faɗin yatsa shida, kuma da aka zo ɗaurawa ta ƙi shiga. Mai hankali da ya tsaya ya duba. Jatau kuwa ya ce ƙarfe ne ke taurin kai, ya yi shelar jihadin guduma. "Buga!" Aka buga. "Ja baya!" Aka ja. "Tura, 'yan uwa, tura!" Ƙura ta tashi, gumi ya kwarara, tartsatsi ya haskaka sasanni, har bakasil ya miƙa wuya ya karkace, noti ya shiga, rundunar ta yi kabbara.

Ranar Talata da hantsi aka jera randa arba'in cikin ciyawa. Jatau ya hau kujerar direba, Hajiya a gefensa, Ɗanliti a baya, Sallau kuma a kan babur a matsayin shaida. Aka tayar da inji, mota ta motsa, sai jama'a suka ga abin da ba su taɓa gani ba: kanta ya nufi gabas, gindinta ya karkata hagu, tana tafe a gicciye kamar karen da aka jefa da dutse.

"Injiniya!" mai shayin bakin gareji ya ƙwalla. "Gindin na neman wuce kan!"

"Haka ake yin ta, jahili! Leƙen ramuka take!"

Amma duk lokacin da ya ƙara wuta, sai bayan motar ya yunƙura zai shiga gona. Don haka amirul jaishi ya tsaya a giya ta ɗaya, ya ce hikima ce. Mai keke ya wuce su. Jaki da kayan itace ya wuce su. Wata tsohuwa mai tallan nono ta wuce su, ta zauna ta huta, suka cim mata, ta sake wuce su, ta sake gaishe su. Sallau yakan yi gaba ya sha rake a gindin bishiya ya jira.

"Injiniya," in ji Hajiya, "kasuwar ta yau ce fa, ba ta makon gobe ba."

"Haƙuri, Hajiya, ana kafa tarihi ne."

"A kafa shi da sauri."

Da suka isa babban kwazazzabo, maƙabartar randuna, sai sandunan nan huɗu suka nuna karama. Taya ɗaya ta faɗa rami, ɗaya ta hau tudu, gangar motar ta tsaya daram, ko ƙas randa ba ta ce ba. Ɗanliti ya daki ƙirji a baya yana ihu. Sallau ya daina tauna rake.

Suka shiga Rafin Kanya da la'asar sakaliya. Kasuwa ta watse, sai masu shara da ungulaye a wajen mahauta. Aka duba randuna ɗaya bayan ɗaya: arba'in cif, babu ko tsaga. Nan fa ujubu, wanda shi ne ciwon gidansu, ya taso wa Jatau. Ya ce nasara irin wannan ba a shelarta daga ƙasa. Ya haye gefen bodin mota da takalmin da ya jiƙe da baƙin mai, ya buɗe hannuwa ga masu shara uku, ya ɗaga murya:

"Sai ni Jatau na Barmo! Sai ni mai sa kwazazzabo…"

Ƙafa ta zame. Dodon noti ya koma da baya ya zauna daram cikin babbar randa, ta ce ɓas.

"Talatin da tara," in ji Sallau a hankali.

"Ba hanya ce ta fasa ta ba!" in ji Jatau daga cikin ciyawa.

"Ni tsingaro nake gani," in ji Hajiya. "Ba ni makullina."

Washegari Sallau ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin darbejiya. Ya shiga ƙarƙashin motar da guntun zare, ya gwada sandar dama, ya gwada ta hagu, ya sa Ɗanliti ya rage yatsa shida. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Motar ta miƙe sambal, kuma tun daga ranar ba ta sake fasa randa ba. Yanzu masu a-kori-kura daga ƙauyuka bakwai suna zuwa a yi musu irin wannan ɗauri, suna kiransa ɗaurin Gajere.

Jatau yana nan a jikin katanga, ya ɗora kwali a ka, yana gyaran injin markaɗe.