Tauraron da Nomau Ya Tara a Bayan Gida

A ƙauyen Kwarin Aduwa akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Daga shi sai matarsa Tsahare, sai akuya ɗaya, sai wata gona da ta gaji har ciyawa ma ta daina kula ta. Nomau ba rago ba ne, ba kuma mugu ba. Matsalarsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In abin ya kwaɓe kunya ta rufe shi, amma Tsahare ce ke shan mafi yawanta, don ita ke zuwa rijiya cikin mata.

Wata rana a ajin karatun manya da Nomau ke zuwa, malaminsu Malam Haladu ya yi musu bayanin taurari. Ya ce da ikon Allah daga ƙura da iska suke farawa a sararin samaniya. Ƙurar ta taru, ta yi ta juyawa, ta dunƙule, tsakiyarta ta ɗau zafi har ta kama da wuta ta zama tauraro, ragowar kuma ta zama duniyoyi irin tamu. Ya ce, "Ku je gida ku lura da yadda ƙura take taruwa." Nomau ya zo ya ɓoye tsintsiya, ya tsuguna yana kallon ƙarƙashin gado har kwana huɗu. Rana ta biyar gwaggon Tsahare ta kawo ziyara, ta dubi ɗakin, ko ruwa ba ta sha ba ta juya. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Tsahare ƙazama ce.

Wata rana ya koma wurin Malam kansa a sunkuye. "Allah gafarta Malam, ta taru amma ba ta kama ba." Malam ya danne dariya ya ce, "Nomau, ai sai ta yi yawa ƙwarai." Shi ke nan, sai ga Nomau da kwando gida-gida yana sallama: "A taimaka mini da shara." Aka yi ta loda masa toka da ƙaiƙayi da kashin awaki, ya jibge a bayan gida. Daga ranar mata suka sa wa Tsahare suna Matar Sarkin Shara. Ta daina zuwa rijiya sai in ta tabbata kowa ya watse.

Wata rana Malam, da abin ya fara ba shi nishaɗi, ya ƙara masa da cewa sai ta riƙa juyawa ta dunƙule. Nomau ya ɗauki shebur, kullum ya juya tarin, ya yayyafa ruwa don ya kama jikinsa. Bayan mako uku ya cusa hannu a tsakiya, ya zaro da sauri. Zafi! Ya ruga babu takalmi yana ihu, "Ya kusa fitowa! Jama'a ku zo!" Har mai unguwa sai da ya zo da sandarsa. Aka kewaye tarin aka zuba ido. Ba abin da ya tashi sai tururi da wari, can sai wata kaza ta fito daga bayansa tana tono. Dariyar da aka yi ranar har da masu riƙe ciki. Nomau ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Tsahare ta fito idonta jawur. "Maigida, na gaji. Ko ka kwashe abin nan ka watsar inda ba mai ganinsa, ko in tafi gidanmu."

Wata rana da sassafe Nomau ya zauna yana tunanin inda ba mai gani. Duk garin, wuri ɗaya ne ya san ba wanda ke ko waiwayensa: gonarsa. Ya yi ta jida a kwando yana watsawa kunya-kunya, lungu da saƙo, don kada wani ya gane tarin. Ruwa ya sauka, ya yi shuka kamar kullum.

Da kaka ta yi, geron Nomau ya fi mutum tsawo, zangarniya kamar damtse. Mai unguwa da kansa ya tako har bakin gona. "Nomau, me ka yi wa ƙasar nan?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Tauraro na so in yi, bai yiwu ba."

Washegari Tsahare ta ɗauki tulu ta tafi rijiya da hantsi, lokacin da mata suka fi cika. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta shigo, tulu na kanta, kwandon sharar maƙwabta na hannunta. Ta dire shi gaban mijinta.

"Ungo, Maigida, fara tara na baɗi. Da ƙyar na samu, yanzu kowa ɓoye tasa yake yi."