Ranar da Na Wanke Hayaƙi a Rediyo

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da bakina ya kusa ja wa gidana zama cikin hayaƙi har abada.

Ni malamin kolej ne a nan Matameye, kuma ina da wani ciwo: ba na iya ganin gardama in wuce. Ko kan abin da ban yarda da shi ba, in dai akwai masu saurare, zan tsaya in kare shi har jijiyar wuyana ta tashi.

Lokacin muna rikici da maƙwabcina Ɗan Lami, mai babbakar kai da ƙafa. Da tsofaffin tayoyi yake hura wutarsa, bayan katangata. Wankin matata Rabi ya koma launin toka, ƙaramar ɗiyarmu Ummi kuma ba ta rabuwa da tari. Na kai ƙara wurin mai unguwa, aka sa mana zama ranar Alhamis.

Ana gobe zaman, sai wani abokina mai shiri a rediyon gari ya kira ni. Za su yi muhawara kan hayaƙin da mutane ke turawa sama yana ƙara zafin duniya, baƙo ɗaya bai zo ba, ana neman wanda zai ja da wata ma'aikaciyar gandun daji, Madam Hadiza. Ko tambayar ɓangaren da zan kare ban yi ba, na sa babbar riga (a rediyo fa, inda ba mai ganina) na hau babur.

Madam ta yi bayaninta a natse. Ni kuwa da aka ba ni dama sai na baje. Na ce mutum ma halitta ne kamar gara da saniya. Gara ta gina suri ba wanda ya zarge ta, saniya ta yi gyatsa ba wanda ya kai ta ƙara, don me za a ware hayaƙin mutum a ce ba tsarin halitta ba ne? Har Faransanci na yayyafa a kai. Madam ta ce gara ba ta san abin da take yi ba, kuma ba ta da zaɓi. Na yi dariya na wuce maganar, ina jin daɗin muryata.

Sai aka buɗe layin masu saurare. Tun daga sallamar mutum na farko na gane muryar.

"Ni ne Ɗan Lami mai babbaka. Wallahi Malam ya burge ni. Ashe ni da gara duk ɗaya ne. To Malam, gobe sai mu je tare ka faɗa wa mai unguwa, tunda kai ne mai ilimin."

Abokina ya kife kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Madam ta zuba ruwa a kofi ta turo mini. Na buɗe baki, Hausa ta gudu, Faransancin ma ya bi ta. Abin da na iya cewa kawai, duk gari na ji, shi ne, "Ina gaida iyali."

A gida Rabi ba ta yi faɗa ba. Ta dai ajiye mini tuwo, ta ce in ci da sauri kafin "tsarin halitta" na bayan katanga ya sauka a kansa.

Washegari zauren mai unguwa ya cika, har da waɗanda ba a gayyata ba. Tsohon ya tambaye ni wanne zai ɗauka, Malam na takardar ƙara ko Malam na rediyo. Na miƙe na janye maganata ɗaya bayan ɗaya. Na ce saniya ba ta iya sake wurin gyatsa, amma Ɗan Lami yana iya sake wurin babbaka (maganar Madam ce, na ara ban faɗi mai ita ba). Ɗan Lami ya yi dariya har da hawaye, ya ce don Ummi zai koma bayan gari, ya kuma daina ƙona taya. Sharaɗinsa ɗaya: ni zan taya shi kwasar kaya. Haka na tura baro cike da kawunan awaki ta gaban ɗalibaina.

Tarin Ummi ya tafi. Sunan Malam Gara da gari ya laƙaba mini kuwa ya zauna, har Ummin ma takan faɗa in ta ga ina cikin raha. Yanzu duk wanda ya gayyace ni muhawara, kafin in ce komai sai na tambaya ko maƙwabcina yana da rediyo.